Gora na Uku

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi irin wanda ɗa ke yi wa mahaifiya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci, Ya sanyaya ƙasar da muka rufa miki. Ni ne ɗanki Umaru. Na san babu ayarin da ke bi ta inda kike, balle in ba madugu saƙo. Amma magana ta tsaya mini a ƙirji, kuma Kulu matata nata ya ishe ta, ba zan ƙara mata ba. Shi ya sa na roƙi liman 'yan fallayen takarda, na dama tawada, na zauna a ƙofar ɗakinki. Wanda ya tsinci takardar nan bayana ya karanta abinsa, ba ni da sauran abin ɓoyewa.

Kin san halina in na yi laifi, sai in yi ta kewaye-kewaye har ki gaji ki ce in faɗi abin da ya kawo ni. Yau ba zan kewaya ba. Gorunan nan uku na irin gero da kika bar mini, babu ko ɗaya, Inna. Duk na fasa su, damina kuwa sai shekaranjiya ta sauka.

Kin tuna kakar bara, da ruwa ya ɗauke gero yana da ciki. Abin da muka kwaso daga gonarki ta Runjin Sambo ko gindin rumbu bai rufe ba. Lokacin tari ya riga ya kama ki, amma kika sa aka shimfiɗa miki tabarma a tsakar gida, aka jibge miki dammunan, kina zaɓar zangarniya ɗaya bayan ɗaya, kina jefar da wadda ba ta yi miki ba kamar ta zage ki. Kika murje su da hannu, kika cuɗa da toka saboda ƙwari, kika ɗura a goruna uku, kika liƙe bakin kowanne da laka. Har yatsunki suka fito a jikin lakar. Ni na hau turmi na rataye su a azarar ɗakinki, kina ƙasa kina yi mini faɗa wai zan sake su.

Da na sauko kika riƙe mini gefen riga. Kika ce, "Na hwarko na ruwan hwarko na. Na biyu na gyara na, in na hwarko ya mutu. Na ukku kau ba naka ba na, Ummaru, na gida na. Ko gobara ta kama gidan ga, shi za ka hwara ɗauka." Na san dalili. Irin gidanku ne na Wamakko, mai gajeren kai, mai nuna da wuri, wanda kika zo da shi birni a cikin kayan aurenki, kika ce kakarki ma a hannun tata kakar ta same shi. Na ce to. Da sauƙi na faɗa, don a zatona kina nan, za ki fasa abinki da kanki. Sanyi bai fita ba kika tafi.

Ni kuwa ɗan fawa ne, kin fi kowa sani. Abin da Baba ya koya mini wuƙa ce. Shekara ma ta bakin nama na san ta. In kaka ta yi, hatsi ya shigo, ana ta ɗaurin aure, kafin azahar faifaina ya koma wayam. In ɗari ya shigo, tsire ke tafiya, kowa na son ya matso kusa da wuta. Da bazara sai tsere da rana: abin da ka yanka da safe, in ya kai la'asar ya soma yi maka magana, sai dai ka yi maza ka shanya kilishi. Da damina Fulani sun yi nisa da shanu, ƙuda ya yi yawa, mu yi ta zaman hira a rumfa. Iyakar ilimina ke nan a kan sama. Kina ce mini, "Ku Rundawa mahauta kun san haƙorin sa, ba ku san huskar gabas ba." In yi dariya in ce ai gabas ba a yanka ta. Da ma na yi shiru na saurara.

Ke kam, da zarar zafi ya kai zafi, kullum da hantsi sai kin fito kin dubi gabas, kina shinshina iska. Sai kin leƙa tsamiyar bayan masallaci ki ga ko shamuwa ta iso. In ruwan farko ya sauka, unguwa ta ruɗe, maza na gudu da sungumi, ke sai ki yafa mayafi ki taka har gona ba gaggawa, ki durƙusa, ki tura hannu cikin ƙasa. In laima ba ta kai wuyan hannu ba, ki karkaɗe yatsu ki ce, "Wanga na wanke ido na. Mu koma gida mu sha hura." An sha yi miki dariya, wai tsohuwa ta makara. Masu dariyar kuma sun sha zuwa ƙofarmu da ƙoƙo neman iri bayan nasu ya ƙone, kina ba su kina yi musu tsiya.

Ranin bana ba ki gan shi ba, kuma na gode wa Allah da ba ki gani ba. Tun kafin sanyi ya gama fita hatsi ya ƙare a gidaje. Rijiyarmu sai da muka ƙara wa guga igiya sau biyu, daga baya laka kawai yake kawowa. Gulbi ya koma rairayi, mata na tona shi da ƙwarya. Mutanen arewa suka yi ta kwararowa birni, suna zube a gindin ganuwa da 'ya'yansu. Bafulatani zai jawo saniya ya ce a ba shi ƙwaryar hatsi kawai, a rasa mai ita. Za ki ce ai mahauci ya samu. Ina. Ka feɗe sa ka tarar babu kitsen da zai shafi wuƙa, ɓargo ya zama ruwa, naman kuma kamar igiya. Masu zuwa rumfar ma ba nama ne a ransu ba, tuwo suke nema.

Nasaran nan da suka zauna mana a wajen ganuwa tun shekarar da suka ci gari, ina kai wa kukunsu nama a bariki, shi ya nuna mini wani abu. Wai sun kafa kwalba da mazurari a fili, in an yi ruwa Bature ya fito ya auna, ya rubuta a littafi. Na tsaya ina kallon kwalbar, gizo-gizo har ya yi saƙa a bakinta. Na ce wa kuku, to in ya rubuta sai me, ruwan zai ji kunya ya ƙaru? Ya ce in rufa masa asiri in kama hanya. Raina ya ɓaci ranar, ban ma san da wa nake fushi ba. Na dai taho ina tuna hannunki.

Sai ga ruwa ya zo da wuri, wata Talata bayan azahar. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe rumfunan kasuwa, aka yi shi kamar da bakin ƙwarya, amma kafin a kira la'asar ya ɗauke. Inna, ƙanshin ƙasar nan. Mutanen da suka yi wata da watanni ba su yi dariya ba suna tsaye a cikin ruwa suna hamdala. Washegari tun da sassafe hanyar Runjin Sambo ta cika, kowa da sunguminsa. Na leƙa tsamiya, babu shamuwa ko ɗaya. Na ga hakan da idona, ba zan yi miki ƙarya ba.

Na isa gona na durƙusa na tura hannu yadda kike yi. Laima ta tsaya a gaɓar yatsa ta biyu, ƙarƙashinta busasshiyar ƙasa ce mai ɗumi. Na san abin da za ki ce. Amma na ɗaga kai, dama da hagu kowa na sara, har da tsofaffin manoma masu furfura, sai na ce ni wane ne, mahauci, da zan fi su sani? Ga yunwa, ta sa kowa na son ya ga ya yi wani abu da hannunsa. Na koma gida na sauke goran farko.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Goran farko bai rufe gonar ba, don hannuna bai iya shuka ba, ina zuba wa kowane rami fiye da ƙima. Rana ta take, ga rabin gona a sare babu iri. Kin san tarbiyyar mahauci: abin da aka kayar yau, yau ake gamawa da shi, ba a barin aiki ya kwana. Tun ina ƙarami Baba ke dukana a kan haka. Sai na ji ba zan iya barin ramukan nan su kwana da baki buɗe ba. Na dawo na sake hawa turmi. Kulu ta tsaya a ƙofa ta ce, "Maigida, Inna ba ta taɓa hwasa biyu rana guda ba." Na ce mata Inna ce ke riƙe da gidan yanzu ko ni? Haka na ce, Allah Ya yafe mini. Na fasa na biyu, kafin magariba na rufe gonar kaf, na dawo ina jin kaina namiji.

Ya tsiro kuwa. Kwana huɗu gonarki ta yi kore shar, layi-layi, har na ɗora Uwani a kafaɗa na kai ta ta gani. Ɗiyata mai sunanki, wadda muke kira Uwani don bakinmu ba ya iya kama sunan, wadda kika goya har bayanki ya gaji. Ta tsuguna tana shafa tsiron tana cewa na Inna ne. Ranar har waƙa na yi a hanya.

Daga nan sama ta kama bakinta. Kullum da la'asar hadari ya haɗu, mu fito mu tsaya, iska ta zo ta watsa shi ya bi yamma. Wani lokaci ɗigo biyu-uku, ko kaza ba za ta jiƙe ba. Rana kuwa tun hantsi ba a taka ƙasa ba takalmi. Aka fita roƙon ruwa, malamai a gaba, muka juya riguna, yara na kuka, tsofaffi na kuka, muka dawo da ƙishirwa. Aka sake fita. Tsiron ya fara naɗe ganye da rana yana warwarewa da safe, daga baya ya daina warwarewa. Zuwana na ƙarshe na murza shi a tafin hannu ya zama gari. Na zauna a bakin gona na zagi kaina da duk zagin da na iya, kuma kin san mahauci ya iya.

Sauran gora ɗaya a rataye. A gida kuwa har dusa ta ƙare. Kulu na bin mata daji tonon gidan tururuwa neman ƙwayar da suka tara, wani lokaci su samo abin da bai cika tafin hannu ba. Sai 'ya'yan anza, a jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa, duk da haka ɗacinsu na kaiwa har ƙeya. Mu manya muna runtse ido mu haɗiye, da romon ƙashi in na samo. Uwani cikinta ya ƙi. Ta ci ta amayar, ta sha romo ya zarce. Yarinyar da ke hana ki barcin rana da surutu ta koma kwance a tabarmarki, gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ba ta kuka. Abu ɗaya take cewa, a dama mata kunu irin na Inna.

Kwana biyu, in na shigo sai in tarar Kulu ta ɗaga kai tana kallon azara. Rana ta uku ta faɗa, ta ce a sauke goran a dama wa Uwani. Na ce ba za a taɓa ba. Na ce in aka ci wannan, ko an yi ruwa me za a shuka, baɗi kuma me za a ci? Ta ce, "Baɗi wa za shi ci? Kai da wa?" Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba a gaban yarinyar. Na ce amanar uwata ce. Ta ce, "Waccan da ke kwance hwa, amanar wa ta?" Na fita na bar mata gidan, ina jin haushin ta fi ni gaskiya.

A ranar na ga shamuwa. Guda biyu a kan tsamiyar bayan masallaci, suna ɗibar tsinke. Na dawo da sauri na ce wa Kulu ta ba ni kwana uku, alamar Inna ta iso. Ta dube ni kawai. Kwana uku suka cika, na ƙara biyu. Inna, kwana biyar na sa ɗiyata ta jira saboda tsuntsu. Hadari na haɗuwa yana watsewa kamar da. Ran na shida da safe na kira ta, ta buɗe ido ba ta gane ni ba.

Na jawo turmi na hau. Goran bai kai nauyin da na zata ba. Na daɗe riƙe da shi ina duban yatsunki a jikin laka, guda huɗu a jere, babban yatsa a gefe. Ban iya buga shi ba. Da bakin wuƙata na bi gefen lakar a hankali na ɓamɓare ta ɗungurum, ba ta tsage ba. Ƙanshin toka ya bugo ni, irin na hannunki. Na miƙa wa Kulu ban dube ta ba, ita ma ba ta ce ai ta faɗa ba. Ta sheƙe tokar, ta wanke, ta zuba a turmi.

Abin da ban tuna ba shi ne taɓarya ba ta iya ɓoye kanta. Wata biyu ba a ji daka a unguwarmu ba. Kulu ta naɗa tsumma a gindin turmi, ta yi a hankali, amma ina. Kafin ta gama surfe sai ga sallama. Matar liman ce, da ƙoƙo a ƙarƙashin mayafi, wai ta zo duba jikin Uwani. Sai ga tsohuwar nan mai kaɗi da kuke zuwa gulbi tare, ita ma jikarta a kwance. Wasu biyu suka tsaya a zaure, ba su ma iya shigowa ba. Babu wadda ta roƙa, sai sannu da jiki, suna kallon ƙasa. Na so in kore su, wallahi na so. Amma gidanki ne, kuma ba a taɓa jin dakanki an koma da ƙoƙo wayam ba. Kulu ta dube ni, na kau da kai, ta ɗiba wa kowacce ludayi-ludayi.

Aka dama kunu da tsamiya. Na tallabe kan Uwani, Kulu na ɗura mata da bakin ludayi. Ya zauna. Da la'asar ta sake sha. Washegari ta kira ni Baba, a rana ta uku ta tashi zaune ta jingina da bango tana tambayar ina akuyarki, wadda na yanka tun rani. Muka yi ta tsinka kunun da ruwa don ya ja kwana. Ya ja shida. Irin da ya bi hannun kaka da kakanni, a kwana shida muka ga gindinsa.

Ranar da Kulu ta kankare ƙwaryar ƙarshe, shekaranjiya ke nan, ruwa ya sauka. Ba iska, ba tsawa. Tun hantsi ya fara a hankali, bai ɗauke ba sai bayan la'asar, irin wanda kike cewa ƙasa na sha ba ta zubarwa. Indararo na zuba, kwaɗi suka fito ban san daga ina ba. Kulu ta jera tukwane tana tarawa, ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Na zauna a zaure ina jin sa a kan rufi. Ban taɓa sanin mutum zai ji ƙarar ruwan sama ya ji kamar dariya ake yi masa ba. Astagfirullah.

Jiya da sassafe na tafi gona, ban san me ya kai ni ba. Na durƙusa na tura hannu. Ya shige, ya wuce yatsu, ya wuce tafi, ya wuce wuyan hannu, har kusa da gwiwar hannu laima ce mai sanyi. Wannan ne ruwan da kike jira duk shekara. Na daɗe a durƙushe da hannuna a ciki. Gonakin da ke kewaye ma shiru, sai mutum ɗaya-ɗaya can nesa, waɗanda suka yi abin da kika ce ko da yake ba su san ki ba.

Daga can na miƙe sai Wamakko, na bi ta Kalambaina, fadama duk ta jiƙe. Na ce Kawu Sani ƙaninki ba zai rasa ko cikin hannu ɗaya na irin gidansu ba. Na tarar da shi a ƙofar gida yana ɗaura wa jaki akumari, ya rame har na kusa wuce shi. Da ya gan ni fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ummaru, ka hutasshe ni. Yanzu nike shirin tahowa wurinka. Namu duk ya tahi, wani rana ta ci, wani mu munka ci. Amma na ce ma mutane su kwantar da hankali, Yaya ba ta rasa na ukku." Ya dubi hannuna, ya dubi kafaɗata, ya ga babu komai. Ya sauke akumarin a hankali ya jingina shi da bango, ya ce in shigo in sha ruwa.

To kin ji, Inna. Irinki ya ƙare a gidanmu, ya ƙare a gidanku. A kasuwa abin da ake gani 'yar dawar da fatake suka hauro da ita daga kudu ce, wadda ko an shuka ba ta nuna kafin ruwanmu ya ɗauke, kuma ba talaka irinmu ke iya kusantar kuɗinta ba. Ko da yau wani ya ba ni iri, gero sai ya yi wata uku, Uwani kuwa tun jiya ta koma kan anza. Ina ta juya abin a raina. Da na karkaɗe yatsu na koma gida ranar nan, da yau ina da gora biyu na shuka bayan na kunu. Fari ya yi nasa, amma hannuna ya fi shi ɓarna, wannan kam na sani. Na ukun ne ban sani ba. Da kina nan da kin hana? Ke da ba ki iya jin tarin Uwani ba ki tashi ba? Wani lokaci in ga kin hana, wani lokaci in ga da kanki za ki hau turmin. Rashin sanin nan ya fi yunwa cina.

Yau da safe an sake yayyafi. Uwani na kwance a tabarmarki tana saurare, sai ta ce, "Baba, ruwa ya zo. Yaushe za ka shibka geron Inna?" Ba ta san shi ta sha ba, kuma ni da Kulu mun yi alkawari ba za ta sani ba. Na ce gobe. Ta ce in ya nuna ita za a fara gasa wa tumu. Na ce ita za a fara gasa wa.

Saboda haka gobe in Allah Ya kai mu zan saɓa sungumi, in rataya goranki na uku a kafaɗa, in toshe bakinsa da tsumma kada ta ga cikinsa, in bi ta gabanta in fita. Zan je gonarki in zauna har rana ta take, in shafa laka a ƙafa, in dawo in ce mata an shuka. Jibi ma haka, in ce na je dubawa. Ban san kwana nawa zan yi ina wannan tafiya ba, kuma ina tsoron abin da zai sa in daina.

Lakar nan mai yatsunki na ƙulle ta a tsumma, tana aljihuna. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya haɗa ki da iyayenki a gidan Aljanna. Ki yafe mini maganar da na faɗa a kan turmi, ki yafe mini gorunan. Allah Ya ba masu sauran iri albarkar damina, Ya sa su tuna da maƙwabta. Mai sunanki kuwa, ina roƙon Allah Ya bar mini ita ta ga kaka. In kuma Ya ƙaddara ta riga ni isowa wurinki, ki karɓe ta, Inna, ki goya ta yadda kika saba, kada ki faɗa mata gonar babu komai.

Wassalam.

Ɗanki mai laifi,
Umaru mahauci,
daga ƙofar ɗakinki, Sakkwato.